Boyin Tarago

Titin jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sokodé ba. Turawan mulki sun shimfiɗo shi daga bakin teku, da suka iso Blitta ƙarfinsu ya ƙare, ko kuɗinsu, ko sha'awarsu gare mu, suka ajiye diga suka tafi. Duk da haka ni Wahabu, ɗan zangon Sokodé, na tuƙa jirgin ƙasa daga garinmu har Dapaong, kuma akwai tsofaffin Turawa a ƙasashen da ban san sunayensu ba masu riƙe da hotona don shaida.

Ga yadda abin yake. Wani kamfanin yawon buɗe ido a Lomé ya ƙulla da masu manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ke yawo da tsofaffin Turawa gaɓa-gaɓa suna ɗura musu abinci har Allah ya karɓi abinsa. Idan jirgin ruwa ya tsaya a Lomé, sai a kwashi masu sauran ƙwari a cikinsu a zuba a jirgin ƙasa na gaskiya, su kalli daji ta taga har Blitta. To mai kamfanin ya riga ya buga a takardar talla cewa jirgin ƙasa ne zai kai su ƙarshen arewa su ga duwatsu da gidajen ƙabilar Moba. Da aka gaya masa dogo bai kai can ba, bai sake takardar ba. Sai ya sayi wani tsohon taragon katako da aka yasar, ya sa aka cire masa ƙafafu, aka ɗaure shi da sarƙa a bayan tirelata. Aka shafa masa koren fenti, aka rataya labule. Har kaset aka sa a ciki mai ƙarar jirgi, cukucuku, cukucuku, don kada kukan injina ya tuna wa kowa gaskiya.

Ko Turawan sun gane, oho. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba. Taga suka saya, kuma an ba su taga.

A cikin taragon akwai ma'aikata biyu. Na farko Mamadou, tafinta, wanda ke riƙe da makirfo yana faɗa musu abin da suke gani, ko abin da ya kamata su ce sun gani. Na biyu boyin tarago. Shi ana sa masa kaki mai maɓallan tagulla da jar hula, irin ta 'yan dokan da, ya huda tikiti, ya busa usur, ya raba shayi. Sai aiki ɗaya da ba a buga a takardar talla ba. Bayin tarago rami ne kawai a ƙasan katako, don a kan dogo komai sai ya zube tsakanin ƙarafa jirgi ya wuce abinsa. A bayan tirela kuwa ba inda zai zube sai kan motata. Saboda haka muka huda tirelar daidai ramin, muka rataya bokitin ƙarfe a ƙarƙashinta. Mutanen da ke cin abinci tun safe har dare a jirgin ruwa, sannan cikinsu ya gamu da ruwanmu da zafinmu, ba sai na bayyana abin da ke taruwa a bokitin nan kafin la'asar ba. Zubar da shi aikin boyi ne.

A shekarar da ta biyo bayan babban taron ƙasa na neman sauyin mulki, kowa a Togo ya zama ɗan siyasa, har masu faci. Yau a ƙona taya, gobe a rufe kasuwa, jibi a ji an kwashe wane da tsakar rana ba wanda ya ga motar. Hanya ta cika da shingaye. Wasu na masu kaki, wasu na samari masu gora, wasu kuma rabin kaki rabin silifa, ba ka san na waye ba sai ka yi kuskuren gaisuwa. Jiragen ruwa suka ragu, amma ba su yanke ba, don an sayar da tikitin tun kafin mu fara hauka.

Surukina, mahaifin matata Hadiyya, shi ne shugaban sandika, wato ƙungiyar masu motoci, ta unguwar Komah. Ba zan kawo sunansa a nan ba, zai zo a inda ya zo. Mutum ne dogo, mai gemu, mai haƙorin Makka, wanda in ya yi gyaran murya a tasha direbobi ke kashe rediyo. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa tsayawa a gabansa da takalmi ba, ban taɓa cin ko gyaɗa yana gani ba, ban taɓa furta sunansa ba. Ɗanmu na fari sunansa ya ci, shi ya sa har ya yi gashin baki Abba muke ce masa. In na hango Alhaji daga nesa, gwiwoyina ke fara sani kafin idona ya tabbatar. Shi kuwa abin da yake kirana da shi, ko a gaban baƙi, shi ne "direban jirgi". Yakan faɗe shi a hankali, kamar mai cire ƙashin kifi daga baki.

Aka aiko masa cewa ya ba da motocin sandika a kwashi mutanen ƙauye zuwa gangamin goyon baya. Ya ce motocin sandika na doya ne da gawayi, in masu gangami sun yarda a auna su a buhu, bismilla. Ya faɗa ne a tsakiyar tasha, da muryarsa ta kullum. Ba a yi mako ba aka fasa masa gilasan mota, aka zo gidansa ana tambayarsa da sunansa da sunan ubansa.

Ranar na dawo gida bayan azahar na ga takalman da na sani a ƙofar ɗakin ajiyar Hadiyya. Na cire nawa tun daga tsakar gida, na ja gwiwa na durƙusa a bakin ƙofa. Yana zaune a kan buhun masara, tsakanin tukwane, kamar wanda ake jira ya yanke hukunci.

"Barka da hutawa, Baba."

"Direban jirgi. Ya dogo?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

Hadiyya ce ta kawo shawarar, ni ba ni da kan da zai haifi irinta. Ta ce akwai wani dillalin shanu a zangon Dapaong, aminin Baba, da zai iya fitar da shi ta Mandouri zuwa Burkina. Matsalar ita ce isa Dapaong, don duk shingen da ke hanya an ba su kamanninsa, kuma ba direban da bai san fuskarsa ba. Mota ɗaya ce ba a bincikenta: tawa. Masu shinge na ganin fararen fuskoki a taga sai su ƙame su sara. Gobe kuma akwai Turawa. Boyinmu, wani dattijo ɗan Tchamba, ya tafi gida jana'iza ya bar kakinsa a rataye.

"Ba mai kallon boyi," in ji ta.

Na ce, "Hadiyya, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. In sun kama shi, gawarsa ma ba za mu gani ba."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Kakin zai shige ni?"

Ita da kanta ta aske masa gemun, tana yi tana share hanci da gefen zane. Ta ce kada ya buɗe baki a ga haƙorin zinariya. Wannan bai dame ni ba, mutumin da rabon da in ga murmushinsa tun ranar da na kai sadaki. Da ya sa kakin, wandon ya tsaya masa a ƙwauri, hannun rigar bai rufe tsintsiyar hannu ba. Na sunkuyar da kai don kada in gani.

"Ɗago," in ji Hadiyya. "Kai ne patoro gobe, ubangidansa. Ce masa ya kawo maka ruwa."

Na yi gyaran murya. "Baba, in ba damuwa, ko za a taimaka..."

Ta ja tsaki. "Haka kake yi wa ɗan Tchamba magana?"

"Ɗan Tchamba bai haifi matata ba."

Muka gwada, muka sake gwadawa, abin ya ƙi. A ƙarshe muka shirya cewa ni ba zan fito daga gaban mota ba, Mamadou ne zai riƙa ba da umarni. Batun bokiti kuwa na ce ko kusa, ni zan zagaya in zubar a ɓoye in mun tsaya. Alhaji ya tambaya wane bokiti. Hadiyya ta ce na wanke kofuna.

Da safe muka ɗauki Turawan a ƙofar otal ɗin Sokodé, inda aka kawo su daga Blitta suka kwana. Sun fito a jere, jajaye kamar an yi musu wankan tafasasshen ruwa, kowa da alamar jirgin ruwansa manne a ƙirji don kada ya ɓata, kowa da kamara a wuya. Suna warin man shafawa da madara. Akwai wata tsohuwa mai faffaɗar malafa da ta shiga gaba, tana riƙe da jakar alewa da bairo na raba wa Afirka. Alhaji ya tsaya a bakin matakala ya huda musu tikiti ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ƙofar kurkuku. Mamadou ya ce ya busa usur. Ya busa. Na ji shi daga gaban mota, na yi istigfari, na sa giya.

Maganar Hadiyya ta tabbata. Shingen fita gari, wani yaro mai gora da ubansa ke tuƙa motar sandika ya leƙa taragon, ya kalli Turawa, ya kalli kwalin biskit, bai kalli mai riƙe da kwalin ba. A tsagaggen dutsen Alédjo na lallaɓa na wuce taragon yana kusan gogar dutse, Turawa suka tafa wa jirginsu. Garin Kara muka wuce ana sara mana. Na fara tunanin ashe sana'ar da ake yi mini dariya a kanta tana da ranarta.

Bayan Mango muka ratsa wani ƙauye da aka ƙone. Ban san waɗanda suka ƙone shi ba, a lokacin kowa na da dalilin ƙona na wani. Bangaye tsaye ba jinka, rumbuna sun fashe gero na hayaƙi, mata zaune a bakin kwalta da ƙullin kaya a gabansu. Akwai wari, irin wanda ba na dabba kaɗai ba. Mamadou ya buga mini ƙararrawar da ke nufin in rage gudu, wadda yakan buga in mun zo wurin kallo. Na rage, don hannuna ya saba. Ta madubi na ga tagogi sun cika da kamara. Ina jin muryarsa ta makirfo yana bayani da Faransanci cewa al'adar mutanen nan ce, sukan ƙone tsofaffin ɗakuna bayan girbi su gina sababbi. Mai malafa ta watsa alewa ta taga. Alewar ta zube a toka kusa da ƙafar wata mata, matar ba ta ko dubi ƙasa ba. Kaset na ta cukucuku. Na tofar da yawu ta taga, iska ta maido mini da rabinsa a kafaɗa, na ce daidai ne.

Ban sami inda zan tsaya in zubar da bokiti ba. Duk inda na rage gudu mutane ne.

Da la'asar muka hango Dapaong. Kafin shiga gari aka gitta itace a kan ganguna biyu. Mutanen wurin irin rabin kakin nan ne, da bindigogi na gaske. Babbansu gajere ne mai kauri, da tabarau baƙi, suna ce masa Shef. Bai sara wa Turawa ba. Ya zagaya motar yana duban sarƙoƙin, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Shofar, sauko," ya ce mini, ni direba, da Hausa irin ta wanda ya koya a kasuwa. "Duk baƙin mutum ya sauko. Fari ya zauna."

Na sauko. Mamadou ya sauko yana ta murmushin da yake sayar wa Turawa. Shef ya karɓi katin shaidarmu, ya juya, ya maido. Ya ɗaga kai ya ga jar hula a ƙofar tarago.

"Wancan fa?"

"Boyi ne, Shef," in ji Mamadou. "Katinsa na ofis a Lomé. Tsoho ne, ba ya ji sosai."

"To ya kawo shayi. Mu ma mu sha abin da fari yake sha."

Alhaji ya sauko da tiren shayi. Hanyar da zai bi zuwa wurin Shef ta gabana take. Na ga yana tahowa, na ce wa kaina, Wahabu, kai ne patoro, tsaya ƙyam. Na ƙudurta, na cije. Ya iso daidai inda nake, inuwarsa ta faɗo mini a ƙafa. Ban san lokacin da ƙafar dama ta zame daga takalmi ba. Gwiwoyina suka lanƙwashe, hannuna ya tafi neman ƙasa. Na farga ina rabin durƙuso, na miƙe da sauri kamar wanda kunama ta harba, ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a kan kwalta mai zafi.

Shef ya cire tabarau.

"Tsakuwa ce ta shiga takalmin," na ce.

"Tsakuwa." Ya ɗauki kofi daga tiren, bai sha ba. "Ni na yi yaranta a zangon Mango, shofar. Na ci tuwon Hausawa har ya fito mini a wuya. Bahaushe yana cire takalmi wa mutum uku: malaminsa, sarkinsa, uban matarsa. Wannan malaminka ne?"

"A'a, Shef."

"Sarki ne?"

Yaransa suka yi dariya. Ɗayansu ya gyara bindiga daga kafaɗa zuwa hannu.

"An ce mu duba wani tsoho daga Sokodé," in ji Shef. "Dogo. An ce 'yarsa ya auri mai tirela." Ya matso ya dubi haɓar Alhaji, inda fatar da gemu ya rufe shekaru ta fi sauran fuskar haske. "Boyinka ne, ko?"

"Boyina ne."

"Kira shi."

Na ce, "Kai."

"Kai ba suna ba ne. Uwarsa bai raɗa masa suna ba?"

Sunan yana nan a maƙogwarona, amma kamar an ce in haɗiye garwashi in dawo da shi. Na ɗana ma ban taɓa furtawa ba. Na buɗe baki, iska ta fito. Mamadou ya kalli sama. A tagogi Turawa sun fara leƙe, sun ga alamar za a yi wani abin al'ada.

Sai Alhaji ya karkata tiren. Ba kuskure ba ne, na ga hannunsa. Butar shayin ta zame ta juye mini a ƙafar da ba takalmi. Na yi tsalle, na ɗago kai, idona ya faɗa cikin nasa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na san shi. Irin kallon da yake yi wa direban da ya tsaya yi masa musu a tasha ne.

"Issifou," na ce.

Ya fito siriri, kamar na ɗan akuya.

"Ban ji ba," in ji Shef.

"Issifou. Makaho ne kai? Ka ƙona ni."

Shef ya gyaɗa kai, amma bai maida tabarau ba. Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin taragon. Ƙudaje sun riga shi. Ya miƙe yana toshe hanci, idonsa na ƙyalli.

"Wa yake zubar da wannan?"

"Boyi, Shef," in ji Mamadou, wanda bakinsa ke riga hankalinsa.

"To ba za ku shiga mana gari da shi ba. Patoro, sa boyinka."

Na dubi bokitin. Ya cika har baki, girgizar hanya ta sa ya yi kumfa, takardu na yawo a kai. Na dubi hannun Alhaji, hannun da ya taɓa Ɗakin Allah. Na dubi yaron da ya sauke bindiga. Na san in na ce ni zan ɗauka, shi ke nan, na sa hannu a kan mutuwar uban matata saboda ladabi.

"Issifou, ajiye tiren nan ka ɗauko bokiti."

Ya ajiye tiren a ƙasa. Ya durƙusa, shi, a gabana, ya kutsa ƙarƙashin tirela. Da ya gane wane irin wanke kofuna ake nufi, bayansa ya ƙame na ɗan lokaci. Sannan ya jawo bokitin da hannu biyu ya fito da shi. Nauyin ya rinjaye shi, abin ya fantsamo masa a wando da ƙafa. Warin ya bugi kowa, 'yan shinge suka ja da baya suna dariya.

Nan ya kamata in yi shiru. Amma Shef na kallona, kuma ban sani ba ko ya ƙoshi. Na ce bari in ƙara kaɗan. To bakin da aka daɗe da ɗaurewa, in an kwance shi ba ya tambayar inda iyaka take.

"Yi sauri mana. Dubi yadda kake tafiya kamar mai gari. Kullum kana ganin ka fi kowa, kowa wawa ne sai kai. Mutum ya gaishe ka kamar ya roƙe ka bashi. Sana'ar mutum ma ba ka bari ba sai ka yi mata dariya a gaban baƙi. Tsohon banza mai baƙar rowa, ragon suna ma sai da ka ce ƙashi ne da fata. Can bayan kwalbati, kuma ka ɗauraye shi."

Ya tafi yana ɗingishi da nauyin, ruwan na ɗiga a bayansa. Kamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas. Wani tsoho har ya fito da rabin jikinsa ta taga don ya sami bokitin da jar hular a hoto ɗaya.

Sai ga mai malafa ta sauko, duk da an ce fari ya zauna. Ta tsaya a gabana, ta zazzaga mini Faransanci: ba ni da imani, irina ne ke hana Afirka ci gaba, za ta kai ƙarata wurin kyaftin ɗin jirgin ruwa. Tana magana ina kallon bakinta, da guntun biskit a gefe, ina lissafin cewa wani kaso na abin da ke cikin bokitin nata ne. Da Alhaji ya dawo, ta tare shi, daga ɗan nesa dai, ta miƙa masa alewa biyu da bairo. Ya karɓa da hannu biyu, baki a rufe, ya rusuna mata.

Shef ya yi dariya har da dafa gwiwa. Ya maida tabarau.

"Wannan ba surukinka ba ne," ya ce. "Ko kare ba a yi masa haka. Kai mugu ne, shofar." Ya faɗa ne da irin muryar yabo. Ya ɗaga hannu aka janye itace. "Busa usur, tsoho. Jirgi ya tashi."

Na sauke Turawa a masaukinsu, Mamadou ya bi su yana bayanin cewa abin da suka gani wasan barkwanci ne tsakanin ƙabilu. Na ja motar zuwa zango. Dillalin shanun na jiranmu a bayan masallaci, da motar da za ta tafi Mandouri kafin magariba. Ya ga kakin, ya ji warin, ya sa aka kai ruwa da sabulu bayan gida.

Alhaji ya daɗe a ciki. Ya fito da aron riga da hula, ba gemu, amma ya koma shi. Ya ninke kakin, wajen da ya ɓaci a ciki, ya ajiye a kan dakali. Na cire takalma na durƙusa, ƙafar da shayi ya ƙona ta yi bororo.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba. Allah ya huci zuciyarka."

Ya zo ya tsaya a kaina.

"Suna dai dole ne," ya ce. "Ni na sa ka."

"Haka ne, Baba."

"Bokiti ma dole ne."

"Haka ne."

"Ragon suna fa? Shi ma Shef ne ya tambaye ka?"

Na dubi ƙasa. Wata tururuwa na jan ƙwayar dawa, na bi ta da ido kamar ita za ta ba ni amsa.

"Ragon ƙashi ne da fata," ya ce. "Har gobe." Ya sa hannu a aljihu ya fito da alewa biyu da bairo, ya ajiye a gabana. "Ka kai wa Hadiyya, ka ce na isa. Ka ce mijinta ya iya magana, mu ne ba mu taɓa ba shi fili ba."

Ya hau gaban motar shanu, kusa da direba. Da motar ta motsa ya leƙo.

"Wahabu."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, har na waiga ko akwai wani.

"Na ɗauraye bokitin. Ka duba in bai yi maka ba."

Motar ta bi hanyar Mandouri, shanu na kallona ta tsakanin katakai har suka sha kwana.

Washegari muka juyo da Turawa don su cim ma jirginsu na ruwa. Da daddare an ba su tuwon dawa da miyar yauƙi a matsayin abincin gargajiya, kuma sun cinye. Ba boyi. Mamadou ya ce shi ɗan lakwal ne, ɗan boko, bai yi karatu don haka ba. Kafin mu kai Mango na tsaya a gefen hanya, na naɗe hannun riga, na kutsa ƙarƙashin tirela. Mai malafa ta buɗe taga ta ɗauke ni hoto, tana gyaɗa kai kamar wadda addu'arta ta karɓu.